Ƙafar da Iya Ta Karɓa ta Cikin Zana

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Surukata, uwar matata, wadda duk Gashuwa ke kira Iya mai kurkunu, ta koma ga Mahaliccinta. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida, liman ya gama addu'a aka shafa, sai ya dubi jama'a ya ce, "Baiwar Allah nan ta yi ƙoƙari." Daga bayan zana, inda mata suke, sai wata tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya, dariyar ta zarce mata da kuka. Ƙanen marigayiya ya share ido ya ce, "Malam, ka yi sa'a ba ta nan. Da yanzu ta mayar maka da kalmarka." Liman baƙo ne a unguwar, bai san laifin da ya yi ba. Mu da muka sani muka yi ta murmushi muna sharar hawaye.

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka yi ta kware ƙafar wando irin wannan ba. Masunta sun zo daga Dagona, manoma daga Jakusko, har da wani dattijon Bamange mai fataucin kanwa da ya taso tun daga Nguru. Kowa ya gama gaisuwa sai ya ja wando sama ya nuna tabo a ƙwauri ko a idon sawu, ya ce, "Wannan hannunta ne." Wani ya nuna uku a ƙafa ɗaya, yana alfahari har da ƙirgawa. Ni ban nuna nawa ba, don kowa a wurin ya san labarinsa, an kuma yi mini dariya a kansa shekara da shekaru. Amma tunda na koyi rubutun boko da furfurata a ajin manya, na ga gara in rubuta da kaina, kafin jikoki su taso su ɗauka "mai kurkunu" sunan unguwa ne kawai.

Wanda bai san kurkunu ba, Allah ya sa kada ya sani. Tsutsa ce fara siririya kamar zaren saƙa, tsawonta yakan kai kamu biyu, tana kwance cikin naman mutum bai sani ba. Da damina ta kama, daidai lokacin da gona ke neman kowa, sai ta taso da ƙurji a ƙafa, ya fashe, ta leƙo da kai. Ba a fizge ta. Ana naɗe kan a jikin tsinke, kullum a murza kaɗan, har ta fito duka. In ta tsinke, ragowar ta ruɓe a ciki, ƙafa ta kumbura, wani lokaci gaɓa ta sandare har abada.

Masu murza tsinke suna da yawa a ƙasar Bade. Abin da ya bambanta Iya shi ne tambaya. Za ta zauna a gindin tsamiyar ƙofar gidanta da ƙwaryar ruwan sanyi da ɗan man shanu, ta ɗora ƙafar mutum a kan gwiwarta, idonta a fuskarsa, yatsunta a kan tsinke, ta ce, "Wane iri ne?" Ba ta karɓar "ciwo" a matsayin amsa. In mutum ya ce raɗaɗi yake ji a bakin mikin, sai ta ci gaba da murzawa, don tsutsar ta saki jiki. In ya ce zogi ne, yana bugawa a ciki, sai ta dakata ta zuba ruwa, ta shafa mai, ta jira. In kuwa ya ce suka ce, ta tsirga masa sama, to aikin ranar ya ƙare, ko da ba a samu tsawon ƙwayar shinkafa ba. Tana yin tambayar da Badanci, da Barbarci, da Hausa, har da ɗan Fulatancin da ta tsinta wurin masu tallar nono. Takan ce kowane yare akwai ciwon da ya fi sauran sanin sunansa.

Ba a kan ciwo kaɗai take da wannan rigimar ba. Wata rana ta tambayi wata mata yadda take yi da mijinta da ke kwance, matar ta ce, "Ina kula da shi." Iya ta ce, "Akuyarki ma kina kula da ita. Jinya nake tambayarki. Kin juya shi yau? Kin wanke mikin?" Matar ta yi fushi, ta yi wata guda ba ta gaishe ta, amma ta koma gida ta juya mijin. Haka kuma in kana son ka ɓata mata rai, ce mata ta yi ƙoƙari. A wurinta wanda tsutsa ta tsinke a hannunsa shi ake yi wa wannan jajen.

Ni a Nguru nake zaune, dako nake yi a tashar jirgin ƙasa. Lokacin nan ana cikin yaƙin duniya, ana ta ɗibar samari soja, gyaɗa kuwa tana shigowa a kan raƙuma da jakuna har ba wurin ajiyewa. Buhu ba ya ba ni tsoro. Ina ɗauka in hau katakon da ake jinginawa a bakin tarago da shi a guje ina yi wa na bayana tsiya. Ƙafafun nan biyu su ne gonata, su ne jarina, da su nake ciyar da mace da 'ya'ya uku.

Da kurkunu ta fito mini a ƙwaurin hagu, na naɗe ta a tsinke kamar yadda kowa ke yi. Kwana huɗu ina murzawa, na ga abin wasan yara ne, ƙato kamata yana zaune yana lallashin tsutsa. Na ce bari in gama da ita. Na ja, ta tsinke. Ƙafa ta kumbura ta yi kamar tulu, na yi wata biyu ban taka ƙasa ba. Kumburin na fara saɓewa ke nan sai wata ta leƙo, a ƙafar dai, gefen idon sawu, daidai gaɓa.

Aka ɗauke ni zuwa wurin malamin asibiti, wani saurayi mai farar riga da ya yi karatu a Zariya. Ya duba, ya danna, ya rubuta a littafinsa, sannan ya ce, "Wannan in ta tsinke, jirgi zan sa ka zuwa Kano. Ba kuma zan ce maka da ƙafa biyu za ka dawo ba."

Muna komawa gida matata ta fara ɗaure kaya. Ta ce, "Gobe Gashuwa."

Na ce, "Wurin wa?"

Ta ce, "Wurin Iya mana."

Na ce, "Ke, kina da hankali kuwa? Ni in miƙa wa surukata ƙafa?"

Sai an san yadda muke kafin a gane. Shekara takwas da aurenmu, ban taɓa cin abinci inda za ta gan ni ba. In zan gaishe ta, tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, ita kuma ta juya fuska ta amsa wa bango. In na hango ta a hanya sai in ratse lungu. Da za a tsayar da mata goma a ce in nuna ta, da muryarta kawai zan gane ta. Yanzu a ce in baje a gabanta, in ɗora mata ƙazamar ƙafata mai ruwa a gwiwa, tana kallon fuskata ina raki?

Na ce, "Gara Kano."

Matata ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "A Kano ma miƙa ƙafar za ka yi. Sai dai su ba za su mayar maka ba."

Washegari aka aza ni a kan takarkarin kawunta, muka yada zango a Jajimaji, kashegari muka shiga Gashuwa bayan azahar.

Ashe kunyar ba ni kaɗai take ci ba. Dattawan gida suka taru suka ce a kira wani ya yi aikin, don ba a taɓa yi ba, suruka ta riƙe ƙafar mijin 'yarta. Iya ta ji su har suka gama. Ta ce tsutsar a gaɓa take, ba ta yarda da hannun kowa ba, nata ma da addu'a. Sai ta ɗauki wuƙa ta nufi zanar da ta raba tsakar gidanta da rumfar baƙi, ta yanke ta daga ƙasa, daidai faɗin faifai. Ta ce wa matata, "Ce masa ya kwanta can, ya turo ta nan." Haka aka yi. Ni da kunyata muna cikin rumfa, ƙafata tana cikin gida.

Kowa ya yaba dabarar, amma akwai abin da ta ci. Iya ta saba karanta fuska tare da jin magana. Yanzu ba fuska, sai maganar kaɗai, ita ma sai ta bi ta bakin matata.

"Tambaye shi wane iri ne."

"Wai wane iri ne?"

"Ce mata da sauƙi."

"Ya ce da sauƙi."

Kwana uku muna haka. Ni a ganina ladabi nake yi. Namiji ba ya kai ƙarar ciwo gaban surukarsa, ko da wuta aka ɗora masa. A rana ta huɗu da hantsi ta murza tsinken, wata suka ta taso daga idon sawu ta tsirga mini har cinya. Na cusa bakin riga a baki na cije. Matata ta ce, "Wai wane iri ne?" Na tattara numfashi na ce, "Da sauƙi."

Sai na ji hannun ya tsaya cak. Daga baya matata ta gaya mini tsutsar ta miƙe ta yi siriri saura ƙiris, kuma Iya ba ta gane daga bakina ba, yatsun ƙafata ta ga sun dunƙule. Ta zuba ruwa, ta sassauta tsinken, ta ɗaure. Sannan ta ce wa 'yarta, "Tashi ki ba mu wuri. Magana tana hucewa kafin ta iso ni."

Na ji takun matata ta tafi. Sai muryar nan da shekara takwas take amsa wa bango ta nufo ni kai tsaye.

"Kai, mai ƙafa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "Na'am, Iya."

"Ƙarya kake yi mini tun ranar da muka fara."

"Iya, ba haka..."

"Yi mini shiru. Ƙafar nan ba taka ba ce kai kaɗai, jikokina uku a kanta suke tsaye. Kunyarka yau saura kaɗan ta kai ta Kano. Ni ban ga fuskarka ba, ba na kuma son in gani. Bakinka shi ne idona. In ka ƙara ce mini da sauƙi, wallahi zanar nan zan yaye gaba ɗaya, in zauna a gabanka in zuba maka ido, garin nan kowa ya zo ya gani."

Na rantse na fi jin tsoron wannan a kan wuƙar Kano. Na kuma ji haushi, ba zan ɓoye ba. Ina ganin mutunta ta nake yi, ga shi ta wanke ni tas, ƙafata kuma tana hannunta, ba halin in tashi in yi zuciya.

Ta ce, "To, yanzu me kake ji?"

Na ce, "Zafi."

"Rana ma tana da zafi. A baki yake ko a ciki?"

"A ciki."

"Yana tsaye wuri ɗaya ko yana tafiya?"

"Yana tsaye. Bugawa yake yi."

"Zogi ke nan. Faɗi in ji."

Na ce, "Zogi." Ni da gemuna, uban 'ya'ya uku, ina maimaita kalma kamar mai biya allo.

Daga ranar aiki ya sauya. Kullum da hantsi in turo ƙafa, ta gaishe ni da Barbarci, "Wushe, mai ƙafa," in ce, "Ina kwana, Iya," mu fara. Ta murza, in ce raɗaɗi, ta ƙara. In ce zogi, ta dakata. Ran da na ce, "Suka, Iya, suka!" da ƙarfi har kaji suka watse, sai ta ce, "Madalla, yau ka yi magana," ta ɗaure tsinken. Na gano ashe abin da nake dunƙulewa in kira ciwo kala-kala ne. Akwai ƙaiƙayin da ke zuwa kafin raɗaɗi, akwai tsamin da ke kama cinya don kwanciya, wanda ba ruwansa da tsutsa. Da na iya rarrabe su sai tsoron ya ragu, don na san wanne ne ke nufin a tsaya. Maƙwabta kuwa suka mai da mu abin kallo. Mata su fake da aron rariya su shigo, don kawai su ji suruki da suruka suna musu a kan ko zogi ne ko suka.

Ana nan sai tsutsar ta kafe. Kwana uku ba ta motsa ba, ko kaɗan. Hankalina ya tashi, ga damina tana wucewa, ga kakar gyaɗa tana matsowa. Na ce, "Iya, don Allah a ƙara himma."

Ta ce, "Himmarka ce ta tsinke ta farkon. Mai ɗaukar buhu ake nema da himma. Wannan lallaɓa take so." Ta yi kwana ukun nan ba abin da take yi sai zuba ruwan sanyi da shafa mai daga gwiwa zuwa ƙasa, a hankali, tana 'yar waƙarta da Badanci. Ita da take da gona a bakin fadama, shinkafarta tana neman ciyayi, ba ta leƙa ta ba ko sau ɗaya. Wannan ma ban sani ba sai da na warke. A rana ta huɗu tsutsar ta saki.

Ranar da muka cika kwana ashirin da uku, ta murza na ce raɗaɗi, ta ƙara na ce raɗaɗi, ta sake ƙarawa, sai na ji wani sanyi ya bi ƙafar, kamar an zare ƙaya. Can sai matata ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka ɗauka, gidan ya rikice. Ta cikin ramin zanar aka turo mini tsinken, tsutsar tana naɗe a jiki fara fat, ga 'yar wutsiyarta a lanƙwashe, shaidar ba abin da ya rage a ciki. Na riƙe shi na yi kuka, ban kuma damu da wa ya ji ba.

Da na samu bakin magana na ce, "Iya, kin yi ƙoƙari."

Sai na ji tas, ta ɗaka wa tafin ƙafata duka. Ta ce, "Ƙoƙari? Duba wutsiyar nan da kyau. Gamawa na yi. Janye ƙafarka, zan tafi gona."

Kakar nan da ƙafata na hau katako da buhu. Na kuma je har wurin malamin asibiti na yi masa tsalle a gaban tebur. Yaron kirki ne, bai ji haushi ba. Da aiki ya kai shi Gashuwa sai ya nemi gidan, ya zauna gindin tsamiya yini guda yana kallon yadda take yi. Ya ce mata a littafin da aka koyar da su, Turawa ma suna da kalmomi da yawa na ciwo, kowace da inda take zama, haka na wahala, haka na kulawa. Iya ta ce, "To su sun ba ka da yawa, don me kai kake tambayar mutane da guda ɗaya?" Ya yi dariya ya ce layin marasa lafiya yana da tsawo. Ta ce, "Layin guragu ma yana da tsawo." Suka yi ta yi har la'asar, ba wanda ya sallama. Amma mutanen Nguru sun shaida daga baya shi ma ya koma tambayar "wane iri ne?" Ranar sadakar uku yana cikin masu dariyar nan.

Ramin zanar ba a taɓa toshe shi ba. In zana ta tsufa aka sake sabuwa, sai Iya ta sa a yanke wurin. Muka koma yadda muke, ina tuɓe takalmi, ina ratse lungu in na hango ta a kasuwa. Amma duk zuwana Gashuwa sai na zauna a rumfa, ta zauna a ciki, mu yi hira ta bayan zana. Ta tambayi jikoki, ta tambayi kasuwar gyaɗa, ta ƙare da, "Ina ƙafata?" In ce, "Tana gaishe ki." Shekara goma sha biyu muna haka, ba ta taɓa kama sunana ba, ni ma har ta rasu ban taɓa kallon tsakar idonta ba. Duk da haka, bayan uwar da ta haife ni, ban san macen da ta san ni kamarta ba.

Da aka aiko mana jikinta ya yi nauyi, muka taho. Na tarar an shimfiɗa mata tabarma a inuwa, kusa da zanar. Na zauna a wurina, na gaishe ta, ta amsa da ƙyar. Na ce, "Iya, yaya jikin?"

Ta ce, "Da sauƙi."

Sannan na matsa bakina kusa da ramin na ce, "Iya, wane iri ne?"

Na ji tana dariya, ƙasa-ƙasa, har da tari. Ta ce, "Ka kama ni, mai ƙafa." Ta huta, ta ce, "Ba suka, ba zogi. Gajiya ce kawai, irin ta wanda ya tashi daga aiki." Kwana biyu bayan nan ta cika, da hantsi, daidai lokacin da takan ɗauko ƙwaryar ruwanta.

Al'adarmu in an ɗauki makara, ana karɓa-karɓa ne, kowa ya taka kaɗan ya ba ɗan'uwansa don ya samu lada. Ni na kama gaba ta hagu tun daga ƙofar gida. Hanyar maƙabarta yashi ne, da nisa, ni kuma ba yaro ba ne yanzu. Wani ya zo ya miƙo kafaɗa, na yi kamar ban gan shi ba. Na biyu ma haka. Muna tsakiyar hanya ƙanenta ya matso, ya dafa ni ya ce, "Kawo ka huta, kada ƙafar ta dame ka."

Na ce, "Baba, bar ta ta yi aikinta. Ƙafar tata ce."

Ya dube ni, ya janye hannunsa. Ba wanda ya ƙara miƙo kafaɗa ta wajena, ban kuma yi ɗingishi ko sau ɗaya ba har muka sauke ta.

Allah ya gafarta mata, ya lallaɓa ta yadda ta lallaɓa bayinsa. Amin.